Sunan da Bakina Bai Taɓa Faɗa Ba

Daminar bana shekara goma sha bakwai ke nan da rasuwar Malam, maigidana. Da a gida nake da ba sai an tuna mini ba, domin lokacin da gero ya fara fitar da kai aka ɗauke shi, kuma kowace shekara in na ga gero ya kai nan sai jikina ya mutu. To amma yanzu ina ƙasar Maleshiya, a unguwar Wangsa Maju, a saman wani dogon bene da in na leƙa taga sai jiri ya ɗebe ni. A nan kullum damina ce. Ruwa ba ya sallama, ba ya ban kwana, ba kuma wanda ke ɗaga kai ya dubi hadari ya ce Allah ya sa mai albarka ne. Sai da ƙanwata ta bugo waya daga ƙauye ta ce an yi masa sadakar waina, sannan na san lokacin ya zagayo. Na zauna na yi kukana, ban ɓoye wa kowa ba.

Ban yi boko ba, allon ma iya na salla na samu. Surukata Binta ce ke rubutawa, ni ina faɗa, kuma na ce mata kada ta yi wa maganata kwalliya. Mijinta shi ne ɗana na fari. Malamin kwaleji ne a gida, gwamnati ta turo shi nan ƙarin karatu da furfurarsa a gemu. Ba na kiran sunansa, Baban Abba nake ce masa. Ni kuwa wankan jegon Binta ne ya kawo ni, ciwon gwiwa ya riƙe ni.

Na so a ce waiwayen nan addu'a ce zalla. Amma raina a ɓace yake, kuma ba za a gane dalili ba sai an san ko wane ne Malam.

Ba ɗan gado ba ne a kiɗa. Ubansa manomi ne, kakansa manomi, a Gidan Ɗorawa ta ƙasar Rano. Yana saurayi akwai wani mai shayi a bakin titi da ke da rediyo, wani lokaci a sako kiɗan wasu Turawa makiyayan shanu, waɗanda ake ce wa kaboyi. Kowa sai ya ce a murɗa a nemo Hausa, shi kuwa ya ce a bari. Ko kalma ɗaya ba ya ji, amma ya ce wannan murya ta wanda ya wuni a rana ce, kuma mutumin ƙauye ba ya ɓoyuwa ko da wane yare yake kuka. Da kaka ta yi ya ba wani direban babbar mota ragonsa, ya karɓi wata tsohuwar jita mai tsagaggen ciki. Ubansa ya daɗe ba ya amsa gaisuwarsa.

Bai sami mai koya masa ba. Ya ɗaure tsirkiyoyinta yadda kunnensa ya saba da garaya, in ɗaya ta tsinke ya warware wayar birkin keke ya maye gurbinta. Makaɗan gangar noma suka ce ɗan haye ne, ya zo da kayan Nasara zai ɓata musu sana'a. Da ya je birni, masu kiɗan otal suka yi masa dariya, wai baƙauye ya tsinci jita yana yi mata waƙar dawa da gero. Ya zama jemage, ba ya cikin tsuntsaye, ba ya cikin dabbobi. A haka aka kai ni gidansa. Ban taɓa jin wanda ya riga shi shiga gona da jita ba. Waɗanda suka biyo bayansa kuwa, har da wanda ya yi mota da ita, a tsakar gidanmu suka koyi ɗaurin tsirkiya, ni na dama musu kunu.

'Yan yanzu ba lallai su san gayya ba. Mai gona ne zai gayyato mazan gari su taru su nome masa gonarsa, shi ya ciyar da su, makaɗi na biye da su yana zuga su. Sauran makaɗa gwarzon da ke gaba suke bi, su yi ta koɗa shi har ya kusa kashe kansa, na baya kuwa ko oho. Malam ba haka yake yi ba. In ya isa gona sai ya jingine jita, ya karɓi garma ya ɗan taɓa ƙasar ya ji, laka ce ko jigawa. Sannan ya tsaya ya nemo wanda ya fi kowa rauni a jerin, dattijo ne ko wanda bai daɗe da tashi daga zazzaɓi ba, ya kafa ido a gadon bayansa. Da saukar garmar wannan mutumin yake auna kiɗansa. Majiya ƙarfi su yi ta ƙorafi wai kiɗansa ba ya tsuma mutum, shi kuwa ya ce musu ba tsere ya zo yi wa kiɗa ba, gonar da aka bar mutum ɗaya a baya ba a gama ta ba. Kuma ba ya rufe waƙa sai ya kira kowa da sunansa da na ubansa, ko da mutum kwana biyu ya yi a garin.

Wata shekara mutanen gidan rediyo suka zo da na'urarsu, suka ɗauke shi a gonar Sarkin Noma ana maimai. Mu mata mun kawo fura, muna zaune a gindin ɗorawa. Akwai wata gaɓa a waƙar inda yakan saki tsirkiya ya yi shiru na numfashi ɗaya, don garemani su sauka tare a ji ƙararsu. Da ya kawo nan ban san lokacin da na dafe hanci na rangaɗa guɗa ba. Ina ɗauke da cikin Baban Abba a lokacin. Uwar mijina ta yi ta faɗa, wai mai cikin fari ba ta da ta ido. Malam bai ce komai ba sai da muka koma gida, yana wanke ƙafa, bai ko dube ni ba ya ce, "Ke, kin cike mini gurbin nan." Iyakar yabon da na samu ke nan, kuma ya ishe ni har yau. Waƙar ta shiga rediyo, ta shiga kaset, da guɗar a cikinta.

Daga baya maganin feshi ya zo. Mutum ɗaya ya goya tanki ya kashe ciyawar da sai an tara gari. Gayya ta mutu ba wanda ya yi mata zaman makoki. Malam ya ci gaba da ɗan taɓa jitarsa a zaure, har lokacin da Baban Abba ya tashi neman aure a Kano. An kai kaya, iyayen yarinyar suka yi bincike, suka dawo da kayan da saƙon cewa ba sa ba ɗan maroƙi. Malam bai taɓa roƙon kowa ba, da guminsa ya ci. Amma da saƙon ya iso bai yi musu ba. Ya ɗauki jitar ya sa a bayan rumbu, bai sake taɓa ta ba har ya koma ga Mahaliccinsa, gara ta cinye ta. Binta ta ɗago kai ta ce Allah ya saka wa waɗancan mutanen da alheri, da su suka karɓa da ita ba ta samu ba. Na ce ta rubuta har da wannan, ko na sami abin murmushi.

Yanzu ga abin da ya faru. Kwanakin baya muna dawowa daga asibitin gwiwa, ni da Baban Abba, sai ya ce mu tsaya a unguwar Setapak mu ci abinci a irin shagon nan da suke kira mamak, na Indiyawa Musulmi, inda ake zama a waje a kujerun roba ana shan shayi mai kumfa. Muka iske wasu abokan karatunsa biyu, malamai irinsa, aka gaisa suka koma teburinsu. A ɗaya gefen kuma samari ne 'yan gida, ɗalibai, masu Hausar nan da rabinta Turanci ne. Ɗayansu ya kunna waya. Da fari kiɗan nan nasu mai dukan ƙirji na ji, dim dim, ban kula ba. Sai na ji tsirkiya. Wayar birkin keke tana da wani amo mai ɗan kuka wanda ko daga kabari na ji shi zan gane. Sai muryarsa, an kore ta da gudu har ta sirance kamar ta yaro. Sai guɗata. Ba sau ɗaya ba. Sun yanko ta suna ta maimaitawa, kamar an taka wutsiyar kyanwa an ƙi ɗagawa.

Na miƙe ban ko ɗauki sanda ba. Na ce, "Samari, waƙar nan ta wace ce, ko ta wane ne?"

Mai wayar, wani dogo mai askin zamani, ya tashi ya russuna. Ya ce, "Ina wuni, Hajiya. Tawa ce, ni na haɗa. Muryar dai tsohuwa ce, a kaset ɗin kakana na samo. Gargajiya ce, ba ta da mai ita."

"Har akwai waƙar da ba ta da mai ita? Daga sama ta faɗo kamar ƙanƙara?"

Abokansa suka tuntsire da dariya. Ɗaya ya ce, "Faisal, yau ka gamu da lauya."

Na ce, "Mai ita mijina ne. Wannan kuma da kuke sa ta ihu kamar an taka ta, ni ce."

Dariya ta ɗauke. Yaron ya dafe ƙirji ya ce, "Sori Hajiya, wallahi ban sani ba, kaset ɗin ba rubutu a jikinsa. Faɗa mini sunansa in sa yanzu-yanzu, duk wanda ya buɗe zai gani." Ya ɗaga wayar, yatsansa a kai, yana jira.

Sai bakina ya ƙi buɗuwa.

Tun ranar da aka kai ni ɗakinsa ban taɓa kiran sunansa ba. Ban kira shi a gabansa ba, ban kira shi a bayan idonsa ba, ko ranar da likita ya tambaye ni sai da na nemo ƙaninsa ya faɗa. In wani mai irin sunan ya zo gidanmu, mai sunan Malam nake ce masa. Jikana da aka yi masa takwara da shi, Abba muke kiransa, kuma in maƙwabciyarmu 'yar ƙasar nan ta kwaɗa masa kira da sunan yanka a baranda sai in ji kamar an yaye mini mayafi. Haka aka rene mu, kuma ban taɓa ganin nauyin abin ba sai ranar nan. Sunan yana nan a maƙogwarona, ina jin sa, ya ƙi hawowa.

Sai na juya wajen ɗansa, wanda babu abin da ya ɗaure masa harshe. Na same shi ya sunkuyar da kai yana juya cokali a shayin da ya riga ya sha rabi. Ya saci kallon teburin malaman nan, sannan ya ce wa yaron, "Bar shi kawai, ƙanena. Tsohuwa ce, ta tuna gida. Allah ya ba da sa'a." Ya sa aka ƙunshe mana abincin muka tafi.

Muka hau jirgin ƙasa muka juyo. Da muka shiga gida ya zauna a ƙasa kusa da ƙafata ya ce, "Inna, ba ki san zaman mutanenmu a nan ba. Mu kaɗan ne, magana ba ta kwana. Jumma'a mai zuwa a masallaci za a ce ga ɗan mai jita. Kuma waƙar nan yanzu a wuraren rawa ake sa ta, kina so a liƙa sunan Baba a can?"

Na ce, "Kana cikina kake jin kiɗan nan, ka fito da kunnuwanka biyu, ba abin da ya same ka."

"Baba da kansa ya ajiye ta."

"Don kai ya ajiye."

Can ya ce ai shi ma Baban bai san sunayen Turawan da ya ji a rediyo ba, ya ɗauki nasu ya yi nasa. Wannan kam ya faɗi gaskiya, ba zan take ta ba. Amma Malam bai taɓa cewa abin ba shi da mai shi ba. Duk wanda ya tambaye shi inda ya samo, cewa yake na wasu masu shanu ne a can ƙetare, da ya san sunansu da ya sa su a waƙa. Shi nema ya yi ya rasa. Wannan kuwa an miƙo masa waya har gabansa, ya ce a bar shi.

Ba na jin haushin Faisal. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma yaron ya nuna tarbiyya. Wanda nake jin haushi ba ni da yadda zan yi da shi, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Na san ciwon da kayan nan da aka dawo da su suka bar masa, ni na ga yadda ya rame a shekarar. Amma shekara nawa mutum zai yi yana biyan mutanen da suka ƙi shi da sunan ubansa? Su sun manta da shi, 'yarsu ta yi jikoki. Shi yana nan a wata uwa duniya yana jin tsoron teburin da ke gefe.

Nakan zauna a bakin tagar nan in ce, da Malam zai dawo ya ga wannan zamani, me zai ce? Na san zai yi mamakin ƙasa kore shar haka, ruwa kullum, amma ba ka ganin kowa da fartanya. Zai yi mamakin jirgin nan da ake cika maƙil, kowa ya toshe kunnensa da nasa kiɗan, ba mai jin na ɗan'uwansa. Maganar suna kuwa, in na faɗi gaskiya, ban tabbata za ta dame shi kamar yadda ta dame ni ba. Ina jin ma daɗi zai ji, a ce jitar da ta ƙetaro teku ta zo hannunsa ta sake ƙetarawa da muryarsa. Abin da zai tsaya masa a rai shi ne gudun. Zai karkata kai ya saurara, ya ce, wa suke bi da wannan sauri haka, wa aka bari a baya? Sannan zai jira ya ji sunayen, ya ji babu. Sun yanke su duka, wai sun yi tsawo. Mutanen nan na gonar Sarkin Noma kusan duk sun mutu, waɗansunsu ko hoto ba su bari ba, waƙar nan ce kaɗai inda ake kiransu da iyayensu. An zubar da tsaba an riƙe ƙaiƙayi, ƙaiƙayin kuma guɗata ce. Wannan shi ya fi yi mini ciwo. Ni da na shiga waƙar bisa kuskure ni aka bari, shi da mutanensa an share su.

Ana cewa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. To in mai ita ya mutu, bakin wa ya rage? Na duba na ga jita ta tafi, gayya ta tafi, waɗanda ya koya wa sun tsufa ko sun bi shi. Me ya saura na Malam?

Abu ɗaya na gani, kuma shi ya hana ni yin baki. Tashar jirgin unguwar nan tana da matakala da dogon baranda, mutanen garin nan kuwa tafiya suke kamar ana korarsu. In muka sauka, Baban Abba ba ya riƙe ni, ba ya ce mini in yi sauri, ba ya kuma wuce ni. Yakan ɗan ja baya kaɗan, idonsa a gadon bayana, ya daidaita takunsa da saukar sandata. In na tsaya ya tsaya. Jama'a su yi ta ratsa mu ta dama da hagu, shi ko a jikinsa. Bai san inda ya samo wannan ba, ni na sani. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ya ɗauki takun ubansa kaf, sunan ne ya ƙi ɗauka, kuma wannan shi ke ƙona mini rai in na dube shi.

Na yi ta juya abin a zuciyata tun ranar nan. Kunyar da aka koya mana don girmama miji aka yi ta. In riƙe ta zai sa a binne shi karo na biyu, to ban san wa nake girmamawa ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Binta ta samo lambar Faisal a wajen matan da suka zo barka, ta ce in mun gama za ta aika wa jarida ta aika masa. Baban Abba yana ɗakin can, ƙofa a buɗe. Tun da muka fara nake jin ƙarar kwamfutarsa, amma yanzu ta daɗe da yin shiru. Ya ji komai, bai fito ya hana ba.

Binta ta ce ita ma nauyin rubuta shi take ji, sunan suruki ne. Na ce mata ita hannu ne nata, ni baki ne, ta bar ni da nawa nauyin.

Malam, ka yafe mini, sau ɗaya ne.

Sunansa Iliyasu ɗan Garba, na Gidan Ɗorawa, wanda manoma ke kira Ilu Kaboyi. Shi ne mai waƙar. Shi ya fara shiga gona da jita, kuma da mafi rauni yake auna kiɗansa. Duk wanda ya ji guɗar wata mata a wayarsa, ya sani ba don rawa aka yi ta ba, don wannan mutumin aka yi ta. Allah ya jiƙansa, ya haskaka makwancinsa, ya jiƙan waɗanda ya kira a gonar nan da iyayensu.

Binta ta ce ta ji an ce amin daga ɗakin can. Ni ban ji ba, kunnena ya yi nauyi. In ya faɗa, ya fito nan ya faɗa da ƙarfi.